Kundin aikina na zanen lung ɗin Sinawa

Lahadi, 14 ga Janairu 2024

An ba mu hutun sanyi, abokai duk sun watse, wasu sun tafi gida wasu sun gangara Guangzhou wajen 'yan uwa 'yan kasuwa, ni kuma ina nan Beijing daga ni sai hita, waje sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Duk inda ka leƙa yanzu, ko shago ne ko tashar jirgin ƙasa ko kwalin madara, hoton dabbar nan ake mannawa saboda shekarar da za ta kama ranar 10 ga Fabrairu tasa ce a lissafinsu na dabbobi 12. Turawa suna ce masa daragon, Sinawa suna rubuta long amma in suka faɗa, kunnena lung yake ji, to ni ma lung zan riƙa cewa. Ba na son in ce masa dodo. Dodo a wajenmu abin tsorata yara ne, wannan kuwa a wajensu alamar ruwan sama ne da mulki, manomi ne ke jiransa, ba shi da fiffike kuma ba wuta yake fesawa ba kamar na Turawa.

Tun ina firamare nake zane da biro a bayan littafi, motoci da dawakai da fuskokin mutane, amma ban taɓa riƙe buroshi ba. Niyyata ita ce kafin ƙaramar Sallah in gama lung guda ɗaya cikakke da tawada a kan doguwar takarda irin tasu, in kai wa ƙanwata tsaraba, ita ce kullum take tambayata me na koya ban da karatu. Yau na fara da fensir, na yi guda uku. Dukkansu daga kai na fara, na ɓata kusan awa ɗaya a kan haƙora da ido, da na zo jiki sai ba wuri a takardar, na lanƙwasa shi da ƙarfin tsiya don ya shiga. Kan ya fito irin na kada, jikin kuma a sandare.

Laraba, 17 ga Janairu

Guda biyar cikin kwana uku, matsalar dai ɗaya ce. Kai yana da kyau iya gwargwado amma jiki ba ya tafiya, kamar an ɗinka shi ne a jikin kan daga baya. Na goge da kilina har takarda ta huje. Ranar Asabar zan je in sayo kayan aiki na gaskiya in kuma tambayi masu abin.

Asabar, 20 ga Janairu

Na je Liulichang, tsohon layin nan da ke kudu da tsakiyar gari inda ake sayar da buroshi da tawada da takarda da tsofaffin littattafai tun zamanin daular Qing. Na wuce manyan shagunan na shiga wani ƙarami, wani dattijo ne a ciki yana zane a kan tebur a ƙurya, zan riƙa ce masa Baba a nan. Sinancina bai nuna ba tukuna, rabi da baki rabi da fassarar waya muka yi magana amma mun fahimci juna.

Kayan huɗu ne, su da kansu suna ce musu dukiya huɗu ta ɗakin karatu, buroshi da tawada da takarda da dutsen niƙa tawada. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tawadar. Sanda ce baƙa busasshiya, da baƙin hayaƙin itacen fayin ko na mai ake yin ta a haɗa da danƙon fatar dabba a busar, in za ka yi aiki sai ka ɗiga ruwa a kan dutsen ka yi ta niƙawa a hankali har ta yi kauri. Wallahi ina shinshina ta sai na tuna makarantar allo, yadda muke kankare baƙin tukunya ko mu daka gawayi mu haɗa da ƙaro mu dafa mu zuba a kurtu. Asali ɗaya ne, baƙin wuta da abin da zai riƙe shi, su danƙon fata mu ƙaro. Na nuna wa Baba hoton allo da alƙalamin kara a waya, ya daɗe yana kallo yana tambayata ya ake wanke shi.

Ya zaɓa mini buroshi biyu, ɗaya mai laushi na gashin akuya don wanki da gajimare, ɗaya siriri mai tauri don jan layi. Takardar kuma sunanta shuwan, a rubuce xuan, a gundumar Jing ta lardin Anhui ake yin ta asali. Iri biyu ya nuna mini, ɗanya wadda take shan tawada nan take ta baje, da wadda aka shafa wa alam, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta, ita ba ta bajewa. Ya ce kada in taɓa ko ɗaya tukuna, ya ba ni ƙunshin wata takarda mai araha ruwan ƙasa-ƙasa ya ce da ita ake koyo.

Sai na ciro zanena na fensir na nuna masa. Bai ce komai a kan kan da na sha wahalarsa ba. Ya ɗauko igiyar da yake ɗaure takardu ya jefa a kan tebur, ta faɗi a lanƙwashe, ya nuna ta da yatsa ya ce lung ke nan. Ya ɗauka ya sake jefawa, ta faɗi wani iri daban, ya ce wannan ma lung ne. Aikin da ya ba ni shi ne in je in yi ta jefa igiya ina zana yadda ta faɗi da ja ɗaya tak ba ɗaga hannu, ba kai, ba ƙafa, ba komai. Kuma buroshi a tsaye ake riƙe shi cak, ba a kwance kamar biro ba, tsintsiyar hannu ba ta taɓa tebur.

Lahadi, 28 ga Janairu

Mako guda ina zana igiya. Wayar caja na yi amfani da ita don ta fi igiya riƙe lanƙwasa. Kwana biyun farko hannu rawa yake yi, layi ya yi kauri nan ya tsinke can, kafaɗa ta yi tsami saboda daga kafaɗa ake jan layin ba daga yatsu ba. Wajen kwana na biyar na fara jin bambanci, in na riƙe numfashi na ja a hankali layin yana fita da kauri ɗaya.

Yau na je lambun Beihai don in ga bangon lung tara. Tafkin ya daskare mutane na ta wasa a kan ƙanƙara, bangon yana can ɓangaren arewa. A 1756 aka gina shi zamanin sarki Qianlong, da tayil mai ƙyalli kala-kala, kuma gaba da baya ne, manya tara a wannan fuskar tara a waccan, in aka haɗa da ƙanana da ke kan rufin da gefuna an ce sun kai 635. Akwai wani irinsa a cikin tsohuwar fadar sarakuna, akwai kuma na garin Datong wanda ya girme su duka ya kuma fi su tsawo, tun 1392.

Na tsaya kusan awa ɗaya da safar hannu ina bin kowanne da ido daga wuya zuwa wutsiya, ban kalli kawunan ba da gangan. Ga abin da na gani wanda hoto a waya bai taɓa nuna mini ba. Jikin ba lanƙwasa kawai yake yi hagu da dama ba, murɗawa yake yi. Cikinsa, wannan ɓangaren mai layi-layi a kwance irin na cikin maciji, yana bayyana a wani wuri sai ya ɓace ya koma baya sai ya sake fitowa a ɗaya gefen, ƙayoyin gadon baya kuma kullum suna kishiyar cikin, in ciki na ƙasa suna sama, in ya juyo su ma su juya. Wannan murɗawar ita ce ta sa yake kamar yana motsi a jikin bango. Nawa duk cikin yana gefe ɗaya tun daga wuya har wutsiya shi ya sa suka sandare.

Da na dawo na ɗauko tawul na naɗe shi dogo na ja layi da alli a gefe ɗaya, na murɗa shi na ajiye a gado ina kallon inda layin ke fita da inda yake shigewa. Duk mai farawa ya gwada wannan, cikin minti goma za ka gane abin da bayani ba zai gane da kai ba.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Na koma wajen Baba kafin su rufe don biki. Ya duba layukana, ya ware kamar guda shida daga cikin tulin ya ce waɗannan suna da rai, sannan ya yarda mu taɓa kai.

Ashe abin yana da ƙa'ida tsohuwa, kamanni tara, ana jingina ta ga wani malami na zamanin daular Han mai suna Wang Fu. Ƙaho na barewar nan ta ƙasashen sanyi mai rassa, kai na raƙumi, ido na zomo (wasu ruwayoyin su ce na aljani), wuya na maciji, ciki na wata halittar ruwa mai ƙoƙo biyu, ɓawon jiki na kifin kaf, farce na gaggafa, tafin ƙafa na damisar Asiya mai ratsi-ratsi, kunne na sa. Akwai kuma ƙa'idar gaɓa uku, daga kai zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa wutsiya, tsawonsu ya zama ɗaya. Wannan ta biyun ita ce maganin abin da ya same ni ranar farko, in ka raba layinka uku tun farko ka san inda ƙafafun gaba da na baya za su zauna, wuri ba zai ƙare maka ba.

Da na ji kan raƙumi sai na ji daɗi ƙwarai, domin wannan kam na san shi ba a hoto ba. Na sha tsayawa kusa da raƙuma a kara ina yaro, na san yadda goshi ke tasowa sannan ya faɗa a tsakanin ido da hanci sannan hanci ya sake kumbura, da yadda leɓen sama ke saukowa da nauyi. Kuskurena na kada daga nan yake, na ja saman kan a miƙe ne tun daga ido har hanci. Da na sa wannan faɗawar da kumburin hancin sai fuskar ta canza gaba ɗaya, ta zama ta dattijo mai kwarjini. Kunnen sa ma ba sai an koya mini ba. Gashin bakin guda biyu ne dogaye kamar na tarwaɗa, kuma Baba ya ce da ja ɗaya ake yin kowanne, in ka tsaya a tsakiya ka ci gaba za a gani. Geza da gemu kuma duk su bi iska ɗaya, kada wannan ya tashi gabas wancan yamma.

Yadda nake bi yanzu da fensir kafin tawada, ƙwallo ɗaya na ƙoƙon kai, dogon akwati na baki a gabansa, in buɗe muƙamuƙi, sai gira mai kauri ta danne ido, sai ƙaho ya fito daga bayan girar ya kwanta baya. Haƙora a ƙarshe kuma kaɗan, fiƙa huɗu sun isa, da ina cika bakin da haƙora ne shi ya sa yake komawa abin tsoro.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Sabuwar shekararsu ta kama shekaranjiya, gari ya yi ja wur da fitilu da rubutun da ake mannawa a ƙofa. Ban yi zane sosai ba, na fita kallo. Na ga rawar lung, mutane a jere kowa riƙe da sanda a ƙarƙashin dogon jikin yadi, sai mutum ɗaya a gaba da ƙwallo a kan sanda. Wannan ƙwallon shi ne lu'ulu'un nan mai harshen wuta da ake zanawa a gaban bakin lung. Duk inda mai ƙwallo ya kai shi kai zai bi, na biyu ya bi kai amma a ɗan makare, na uku ya bi na biyu, haka har wutsiya, shi ya sa in kai ya riga ya yi sama wutsiya tana ƙasa tukuna tana gama juyin da kai ya yi ɗazu.

Da ina ɗaukan lu'ulu'un nan ado ne da ake ƙarawa in an gama. Yanzu shi zan fara sawa a takarda, ɗigo ɗaya, daga nan in san inda ido ke kallo, inda wuya zai karkata, da ƙafar da za ta miƙa.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na samu shiga babban gidan tarihi na ƙasa da ke gefen dandalin Tiananmen, kyauta ne amma sai ka yi rajista tun kafin ranar. Abu ɗaya na je nema, lung ɗin koren dutse na al'adar Hongshan da aka tsinta a 1971 a yankin Mongoliya ta Gida. Shekarunsa kusan 5,000, tsayinsa santimita 26 kacal. Ba ƙafa, ba ƙaho, ba ɓawo, lanƙwasa ɗaya ce kamar harafin C da dogon hanci da geza da ta kwanta baya ta ɗaga a ƙarshe. Akwai ɗan rami a tsakiyar bayansa, in aka rataye shi ta nan kai da wutsiya suna daidaita a layi ɗaya. Na daɗe a gabansa fiye da yadda na yi niyya. Duk abubuwan da nake ta fama da su, farce da haƙora da gashin baki, daga baya aka yi ta ƙara su cikin dubban shekaru, amma wanda ya sassaƙa wannan da lanƙwasa ɗaya ya gama maganarsa kuma kowa ya gani ya san lung ne. Igiyar Baba ce dai.

Lahadi, 3 ga Maris

An koma aji, lokaci ya ragu, awa ɗaya nake samu da dare. Mako biyun nan a kan ɓawo da ƙafafu na ƙare.

Ɓawo aikin haƙuri ne. A al'adarsu ana cewa lung yana da ɓawo 117, 81 na yang 36 na yin (ƙarfi biyu masu kishiyantar juna a tunaninsu, kamar haske da duhu), amma ba wanda ke ƙirgawa a zane, zane ɗaya yana cin ɗaruruwa. Da farko ɗaya bayan ɗaya nake jerawa sai layin ya karkace kafin in kai tsakiya. Dabarar ita ce ka fara jan layuka marasa nauyi da fensir a gicciye kamar ragar kamun kifi da aka naɗe a jikin bututu, kowane layi ya lanƙwasa ya bi zagayen jikin, sannan ka bi kowane gida ka zagaye ƙasansa da buroshi. Manya a tsakiyar jiki, suna ƙanƙancewa wajen wuya da wutsiya da ƙafafu, a cikin lanƙwasa su matse a wajenta su buɗe. Kuma wajen wutsiya suke kallo, wato kowanne na gaba yana rufe gindin na bayansa kamar jinka. Na yi rabin jiki guda a juye kafin na lura, dole na yar da shi.

Ƙafa ta fi ba ni wuya har yanzu. Huɗu ne kuma ba a so biyu su yi abu ɗaya, in wannan ta miƙa gaba waccan tana tura baya, kamar mai iyo. A gwiwar kowacce akwai gashi ko harshen wuta da ke tashi baya. Sai maganar yawan farce wadda ba ƙaramar magana ba ce a da, zamanin daulolin Ming da Qing mai farce biyar na sarki ne, manyan fadawa da hakimai mai huɗu ake sa musu a riga kuma sunansa ma daban, mang. A Japan mai uku aka fi gani. Ni huɗu zan yi, ya fi zama daidai a idona, uku gaba ɗaya baya kamar yadda gaggafa ke damƙa. Na sayi ƙafar kaza a kantin musulmi na ajiye a faranti ina kallon yadda gaɓoɓin yatsun suke da inda farce ke fitowa, ta taimaka sosai.

Litinin, 11 ga Maris

Yau an tashi da azumi a gida, a nan kuma ranar ta faɗo daidai da 2 ga watan 2 na kalandarsu, ranar da suke cewa lung ya ɗaga kai, wato ruwan bazara ya kusa, shagunan aski cike da layi don a ranar ake son yin aski.

Na kira gida don barka da shan ruwa, Yaya ya ga hotunan da na tura wa ƙanwarmu sai ya ce, kai kuwa ka san hukuncin zanen abu mai rai? Na ce na sani Yaya, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Abin da muka karanta a Malikiyya shi ne wanda aka haramta kai tsaye shi ne mai inuwa, sassaƙe ko gunki cikakke, na kan takarda an sassauta, wasu malaman kuma sun hana duka, wannan ma na sani. Na gaya masa ni ba girmama shi nake ba kuma ban yarda yana kawo ruwa ba, ruwa na Allah ne, hannu nake koya wa aiki da kuma fahimtar mutanen da nake zaune a cikinsu. Ya ce to Allah ya sa mu dace, in na dawo mu zauna da Malam a kai. Na ce in sha Allahu, kuma da gaske nake.

Bayan sahur ba na komawa barci, nan ne lokacin da hannu ya fi natsuwa. Na yanka babbar takarda mai santimita 138 da 69 gida biyu a tsawo, na ɗora lu'ulu'u a sama ta hagu, na ja layin jiki da gawayi mara nauyi na raba shi uku.

Asabar, 23 ga Maris

Na farko ya lalace ranar Talata. Na gama kai da wuya da kusan rabin ɓawo, kwana bakwai ina yi, sai na ɗebo ruwa da yawa a buroshin akuya don in sa gajimare, a kan ɗanyar takarda, tawadar ta gudu ta shiga fuskar ta cinye ido da gira. Na zauna shiru na daɗe, raina ya ɓaci sosai, ranar ko buɗa baki ban ci da daɗi ba.

Yau na kai wa Baba shi haka nan. Ya ce abu biyu. Na ɗaya, buroshin gajimare sai ka matse shi a tsumma har ya kusa bushewa, kuma daga nesa da jiki ake farawa a matso, tawada mai ruwa-ruwa tukuna sannan a ƙara duhu a hankali bayan ta sha iska. Na biyu kuma shi ne wanda ban zata ba, ya ce na zana jikin da yawa. Ya buɗe wani littafin hotuna ya nuna mini aikin Chen Rong, wani ma'aikacin gwamnati mai zane na daular Song ta Kudu, naɗaɗɗen zanen lung tara da ya yi a 1244, tsawonsa ya haura mita 10, yanzu yana gidan adana zane na birnin Boston a Amurka. Kusan tawada ce zalla. Abin da Baba ke so in gani shi ne yawancin lung ɗin nan ba a ganin su gaba ɗaya, kai ya fito daga hadari, tsakiya ta nutse, can gaba ƙafa ɗaya ta ɓullo daga cikin igiyar ruwa, sai idonka da kansa ya haɗa sauran. An ce mutumin yakan tsoma hularsa a tawada ya goga a takarda ya fesa, sannan ya bi da buroshi ya fitar da siffa daga cikin duhun. Baba ya ƙara da cewa ko rigar sarkin Qing lung tara ne a jiki amma takwas ake gani, na taran yana ɓoye a shafin ciki.

Ya ɗauki nawa da ya lalace ya rufe wurare biyu na jikin da tafin hannunsa, wallahi sai ya fi tsawo a ido ya fi girma. Amma ya ja mini kunne, ko wurin da gajimare zai rufe sai ka ja layin gawayin ya ratsa ta ciki, in ba haka ba inda jiki ya shiga da inda ya fito ba za su haɗu ba, mai kallo zai ji kamar an karya shi.

Lahadi, 31 ga Maris

Na biyu yana tafiya lafiya, alhamdu lillahi. Wannan karon gajimare na fara yi, na bar farar takarda inda jiki zai bi, ya kwana ya bushe sannan na shiga da siririn buroshi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jikin yana cikin hadari, ƙafar baya ta dama farcenta kawai ake gani. Ɓawon ya ɗauke ni dare biyar. Na koyi niƙa tawada kashi uku a ƙananan faranti, baƙa ƙirin don farce da ƙaho da ido, matsakaiciya don ɓawo, mai ruwa don inuwar ƙasan ciki, iskar ɗakin a bushe take don haka kaɗan-kaɗan nake niƙawa.

Idon na bari fari har yau da asuba. Haka ake yi, kuma akwai labarinsa da kowane yaro a nan ya sani, wai wani mai zane Zhang Sengyou na zamanin daular Liang ya zana lung huɗu a bangon wani wurin ibada a garin da yanzu ake kira Nanjing ya ƙi sa musu ƙwayar ido, ya ce in ya sa za su tashi, mutane suka matsa masa ya ɗiga wa biyu, sai aradu ta tsaga bangon biyun suka yi sama, biyun da ba a ɗiga wa ba suka zauna. Har yau karin magana ne a bakinsu, in mutum ya faɗi kalma ɗaya da ta ƙarasa zance sai a ce ya ɗiga wa lung ido. Tatsuniya ce amma ta fuskar aiki akwai dalili, ɗigon nan shi ke nuna inda dabbar ke kallo, in ya kauce da ƙwayar gero ɗaya fuskar ta tashi daga mai neman lu'ulu'u ta koma mai kallon banza. Na gwada sau ashirin da wani abu a wata takarda, sannan na ɗiga biyun duk suna kallon sama ta hagu. Sun zauna daidai.

Litinin, 8 ga Afrilu

Takardar ta yamutse saboda ruwan gajimare, haka shuwan take yi. Na kai wa Baba ranar Asabar ya nuna mini yadda ake mata bango, a kifa zanen a kan tebur a fesa ruwa kaɗan, a shafa kullun fulawa mai ruwa-ruwa da faffaɗan buroshi, a ɗora wata farar takardar a bi ta da buroshi mai tauri har iska ta fita, sannan a manna gefunan a jikin katako ta bushe a miƙe. Gabana ya faɗi da na ga ya jiƙa aikin mako biyu, amma tawadar ba ta motsa ba saboda danƙon da ke cikinta ya riga ya kama. Yau na karɓo, ta miƙe sumul kuma baƙin ya ƙara fitowa, har launin toka na gajimaren da nake ganin ya yi rauni ya bayyana.

Ya nuna mini ƙafar gaba ta hagu ya ce ta fito daga wuya ne ba daga kafaɗa ba, na matsar da ita sama da kusan yatsa biyu, kuma gaskiyarsa, yanzu da ya faɗa kullum ita nake fara gani. Gashin baki na dama ma akwai inda hannuna ya tsaya. Na naɗe shi na sa a bututun kwali na ajiye a saman kabad sai tafiya gida. Bayan Sallah zan fara wanda yake saukowa daga sama kansa a ƙasa, kafin nan ƙafafu kawai zan riƙa yi a takarda mai araha, goma kullum bayan sallar asuba.